Tsakanin Dalma da Zinariya: Tarihin Ƙwayar Zarra

Maƙalarmu ta wannan mako ta taɓo wani tarihi da aka tono a ɗakunan binciken Turai, amma ya iske mu har gida a Zamfara.

A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya cike suke da dalma, ana kuma niƙa su a cikin gidaje, ƙurar na sauka a inda yara ke rarrafe. Sama da yara 400 ne suka rasu. To, me ya bambanta waɗannan ƙarafa biyu da ke kwance cikin dutse guda?

Tambayar tsohuwa ce. Masu alkimiyya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna narke dalma da fatan ta rikiɗe ta zama zinariya. Ibn Sina ya yi shakkar yiwuwar haka, Ibn Khaldun ma ya soki sana'ar a cikin Muƙaddima, sai dai ainihin dalilin gazawarta bai fito fili ba sai da aka leƙa cikin ƙwayar zarra.

A 1808 John Dalton na Ingila ya bayyana cewa kowane sinadari da irin tasa ƙwayar zarra. A 1869 Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai a jadawali bisa nauyinsu, amma wasu suka ƙi zama inda nauyi ya ajiye su. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron, aka tabbata ita kanta zarrar tana da sassa. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna kusan dukkan nauyinta na dunƙule a 'yar cibiya da ke tsakiya, su ilektiron kuwa suna kewaye da ita.

Wanda ya warware ƙullin matashi ne, Henry Moseley. A 1913 ya auna hasken da sinadarai ke fitarwa, ya gano kowanne na da lamba tasa, wadda ke bin ƙarfin cajin cibiyarsa. Daga baya aka fahimci lambar ita ce adadin furoton da ke cikin cibiyar. An kashe Moseley a fagen yaƙin Gallipoli a 1915, yana ɗan shekara 27. A 1932 James Chadwick ya gano sashe na uku, nutiron, wanda ke zaune tare da furoton a cibiya.

Ga yadda aikin ya rabu. Adadin furoton shi ne sunan yanka: 79 zinariya ce, 82 dalma ce, 92 kuwa yuraniyom da ake haƙa a Arlit ta Nijar. Adadin nutiron na iya sauyawa sunan bai sauya ba, shi ya sa ake da yuraniyom 235 da 238, uwa ɗaya uba ɗaya, nauyi ne kawai ya bambanta. Su kuma ilektiron su ke ƙulla hulɗa da sauran sinadarai. Wutar maƙera, tsatsa da narkewa duk a kansu suke tsayawa, ba sa kaiwa ga cibiya.

Wannan ya bayyana abin da ya kayar da masu alkimiyya: furoton uku kacal suka raba dalma da zinariya, amma babu zugazugin da zai cire su. A 2025 masana cibiyar CERN suka sanar da auna rikiɗar dalma zuwa zinariya a cikin wata ƙatuwar na'ura, abin da aka samu kuwa bai kai a gani da ido ba, kuma nan take ya tarwatse. Shi ne kuma ya sa dalma ba ta ƙonewa ta ɓace, ba ta ruɓewa. Da aka zo tsabtace Bagega a 2013, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe, aka zuba sabuwa.

Mu da ke rubutu daga Birnin Tsaba, Zurmi, Shinkafi da Ƙauran Namoda, haƙar ma'adinai na shigowa cikin labaranmu, masu karatu kuma na ɗaukar abin da muka rubuta da muhimmanci. Idan uwa a labarinmu ta tafasa ruwa don kare ɗanta, mu sani tafasa na kashe ƙwayoyin cuta ne, dalma kuwa tana nan daram a tukunya. Mu kuma daidaita kan kalmomin nan, zarra, cibiya, furoton, nutiron da ilektiron, kada ɗalibi ya tarar da suna uku ga abu guda.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.