Tsako, yaro, 'yar zamani: sunayen 'yan matan 1920

A Amurka da Ingila har gobe ana shirya liyafar da kowa zai zo da shigar shekarun 1920. Mace ta je shagon hayar kaya, a miƙo mata gajeriyar riga mai geza da ƙyalƙyali, da ɗaurin goshi mai gashin tsuntsu, da doguwar sarƙar lu'ulu'u. Sunan shigar flapper, ana furta shi kamar "filafa". Fim ɗin The Great Gatsby na 2013 ya ƙara hura wutar wannan yayi. Amma kafin kalmar ta zama sunan tufafi, sunan mutum ce, kuma ba don yabo aka raɗa shi ba.

A Ingila aka haife ta. Tushenta aikatau ne mai nufin kaɗa fiffike, kuma mafarauta na kiran ɗan agwagwar daji da ita, wanda ke ta fuffuka bai iya tashi ba tukuna. Daga nan ta koma kan yarinyar da ta fara tasawa. A al'adarsu ta lokacin, budurwa ba ta naɗe gashinta a bisa kai sai ta isa shiga sahun manya. Kafin nan jelar kitsonta na reto a gadon baya. Akwai kuma ma'ana mai ɗaci da masu sayar da kayan liyafa ba sa ambata: a ƙarshen ƙarni na 19, a bakin 'yan titin Landan, kalmar na nufin ƙaramar yarinyar da aka jefa cikin karuwanci. Shi kuwa labarin da ake yawan bayarwa, wai sunan ya fito ne daga takalman ruwan sama da 'yan mata ke bari ba su ɗaure ba suna faf-faf in suna tafiya, daɗin ji kawai gare shi. Kalmar ta girmi wannan yayi da shekaru masu yawa.

A 1920 ta samu gindin zama a Amurka. A shekarar aka fitar da fim mai suna The Flapper wanda Olive Thomas ta fito a ciki, F. Scott Fitzgerald ya sa kalmar a sunan littafinsa na gajerun labarai, aka haramta sayar da giya a faɗin ƙasar, kuma tsarin mulki ya ba mata 'yancin jefa ƙuri'a.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda sauran ƙasashe suka nufa da suka tashi neman nasu sunan. Faransawa suka ce garçonne: an ɗauko kalmar yaro namiji an liƙa mata ɗafa-ƙeyar mace. Littafin Victor Margueritte na 1922 ne ya yayata ta, kuma hayaniyar da ya tayar ta kai har aka ƙwace lambar girmamawar da ƙasa ta ba shi. Jamusawa suka kira gajeren askin da 'yan matan ke yi Bubikopf, wato kan yaro. Askin da ya fi kowanne gajarta, wanda ake shafe shi da mai ya kwanta luf, kunnuwa a waje, Turawan Ingila suka sa masa sunan Eton, makarantar 'ya'yan manya da ba ta ɗaukar mata. Tsako a can, yaro a nan. Duk maganar ɗaya ce: wannan ba cikakkiyar mace ba ce, ko dai ba ta kai ba, ko ta tsallaka gonar da ba tata ba. A Japan ne aka ɗan sassauta, aka ce moga, gutsuren kalmomi biyu masu nufin 'yar zamani, ko da yake can ma akan faɗe shi da taɓe baki.

Ita kanta rigar gezar da ake haya yau ta fi kama da ɗinkin Hollywood na shekarun 1950 fiye da abin da ke cikin hotunan zamanin. Rigar yau da gobe ta wancan lokacin miƙaƙƙiya ce, ƙugunta ya sauko kan kwatangwalo, kuma sai wajen 1926 bakinta ya hau kusa da gwiwa. Hular da ke rufe goshi har gira sunanta cloche, ƙararrawa ke nan da Faransanci, don siffarta. Rawar kuwa, Charleston, sunan birni ne a jihar Karolaina ta Kudu a Amurka, kuma baƙaƙen fata ne masu ita. Kiɗan James P. Johnson a wasan Runnin' Wild na 1923 ne ya kai ta duniya. Yana ci mini rai yadda hoton da aka adana na zamanin ya cika da fararen 'yan mata, masu rawar na asali kuma aka tura su bayan fage.

Inda sunan ya fi nuna haƙoransa shi ne siyasar Birtaniya. Dokar 1918 ta ba mata ƙuri'a, amma sai waɗanda suka kai shekara 30, da sharaɗin dukiya. Da aka zo daidaita su da maza a shekara 21, masu adawa, jaridar Daily Mail a kan gaba, suka laƙaba wa ƙudurin "ƙuri'ar flapper", don a ɗauka 'yan rawa da shan sigari za a damƙa wa ƙasa. Dokar ta wuce a 1928, ta ƙara mata kusan miliyan 5 a rajista. Cikinsu akwai masu saƙa a masaƙun Lancashire, da masu buga tafireta a ofisoshi, da 'yan aikin gida, da matan aure masu goyo waɗanda ba su taɓa leƙa gidan rawa ba. Su ne suka fita zaɓen Mayun 1929, wanda bayansa Margaret Bondfield ta zama mace ta farko a majalisar ministocin Birtaniya, tana riƙe da ma'aikatar ƙwadago.