Sarrafa hannu a kiɗan fiyano

Sarrafa hannu a kiɗan fiyano shi ne tsarin da makaɗi yake bi wajen motsa yatsu, wuyan hannu da sangalin hannu domin sautuka su riƙa bin juna ba tare da yankewa ko tuntuɓe ba. Ana fara koyon sa ne da tsanin sauti, wato jerin nan na do, re, mi, fa, so, la, ti, do, wanda ake hawa kuma a sauko. Matsalar da wannan fanni yake warwarewa a fili take: tsanin yana da sauti takwas, hannu kuwa yatsu biyar gare shi.

Tarihi

Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera fiyano na farko a birnin Fulorans na ƙasar Italiya wajen shekarar 1700. Makaɗan kayan kiɗa masu maɓallai na farko ba su cika amfani da babban yatsa ba, sun fi dogara da yatsun tsakiya guda uku. Littafin da C. P. E. Bach ya wallafa a 1753 yana cikin waɗanda suka tabbatar da babban yatsa a matsayin ginshiƙin tsani. A 1873 Bafaranshe Charles-Louis Hanon ya fitar da atisaye 60 da suka mayar da hankali kan ƙarfin yatsu. Malaman baya, irin su Tobias Matthay na Ingila da Dorothy Taubman ta Amurka, sun koyar da cewa yatsa shi kaɗai ba ya isa, sai hannu gaba ɗaya ya taya shi.

Lambobin yatsu

Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Ana ba yatsun kowane hannu lamba: babban yatsa 1, manuniya 2, na tsakiya 3, mai bi masa 4, ƙaramin yatsa 5. A tsanin C, wanda fararen maɓallai kaɗai ake taɓawa, hannun dama yana hawa da 1-2-3-1-2-3-4-5, na hagu kuma da 5-4-3-2-1-3-2-1. Tsanin F ya bambanta a hannun dama, domin ana hawa shi da 1-2-3-4-1-2-3-4. A tsarin da aka saba, ba a ɗora babban yatsa kan baƙin maɓalli, saboda gajere ne, kuma yin hakan yana tilasta wa hannu ya kutsa ciki.

Ƙetarawar babban yatsa

Wurin da akasarin masu koyo suke tuntuɓe shi ne inda yatsa na 1 yake bin na 3 ko na 4. Da zarar manuniya ta taɓa maɓallinta, babban yatsa yana fara shigewa ƙarƙashin tafin hannu, ta yadda lokacinsa zai zo yana kusa da maɓallinsa. Idan aka jinkirta shi, sai makaɗi ya fizgi hannu, a ji wannan sautin ya fi sauran ƙarfi ko ya makara. A saukowa kuma, yatsa na 3 ko na 4 ne yake haurawa ta kan babban yatsa.

Aikin sangali da kafaɗa

Sangalin hannu ne yake ɗaukar yatsu daga wannan maɓalli zuwa na gaba, yana tafiya a hankali zuwa gefe ba tsayawa. Makaɗi yana zama ta yadda gwiwar hannunsa za ta yi kusan daidai da tsayin maɓallai, kafaɗa a sake, wuyan hannu a miƙe, yatsu a ɗan lanƙwashe. Buɗe gwiwar hannu waje duk lokacin ƙetarawa yana kawo cikas. Frédéric Chopin yakan fara wa ɗalibansa da tsanin B maimakon C, domin a can dogayen yatsu suna hawa baƙaƙen maɓallai, babban yatsa yana kan farare, hannu ya zauna yadda aka halicce shi.

Ana atisaye da hannu ɗaya tukuna, sannu a hankali, da na'urar ƙidayar bugu ko manhajarta ta waya. Ba a ƙara sauri sai sautukan sun daidaita a tsawo da ƙarfi.

Illa ga lafiya

Maimaita motsi ɗaya da hannu a sandare yana iya jawo kumburin jijiya da ciwon wuyan hannu. Robert Schumann ya samu lahani a hannun dama a farkon shekarun 1830, ya haƙura da burin zama makaɗi, ya koma tsara kiɗa. Leon Fleisher na Amurka ya rasa ikon sarrafa yatsu biyu na hannun dama a 1964, ya shafe shekaru da dama yana kiɗa da hagu kawai. Shi ya sa malamai suke hana ci gaba da atisaye idan an fara jin zafi.

A Kano

Abin da ake kira fiyano a Kano galibi na lantarki ne, musamman samfurin Yamaha PSR, wanda yawancinsa maɓallai 61 ne. Ya yi fice a waƙoƙin finafinan Hausa a shekarun 1990, kuma waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 tana cikin waɗanda suka ƙara masa farin jini. Ana amfani da shi a coci-cocin Sabon Gari da ɗakunan ɗaukar waƙa. Ana kuma jin sautinsa a waƙoƙin bege, duk da malamai sun yi saɓani kan hukuncin kayan kiɗa.

Maɓallan irin wannan fiyano ba su da nauyi kamar na katako, don haka dukan su da ƙarfi wahalar da hannu ne kawai. Waƙoƙin Hausa da yawa an gina su kan tsani mai sauti biyar, irin wanda baƙaƙen maɓallai biyar suke bayarwa. Wannan tsani yana da tazara mai faɗi tsakanin wasu sautukansa, saboda haka makaɗinsa ya fi buƙatar sangali ya kai yatsa wurin, maimakon a miƙa yatsan shi kaɗai.