Man giya

man giya *sn., nmj.* Mai mai kauri da ake zuba wa giya da aksul na mota don haƙoran ƙarfe su daina cin juna.

1. *Na aksul ɗin baya.* Mai lambar GL-5, domin shi ke jure matsin haƙoran da ke gugar juna. GL-4 na akwatin giya ne, bai isa nan ba.

2. *Kauri.* 80W-90 don aikin yau da kullum, 85W-140 don kaya mai nauyi da zafin bazara, kamar a Talata Mafara inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu.

3. *Na aksul mai kulle.* Irin da direba ke kullewa da maɓalli don tayoyin baya su juya tare cikin taɓo ko rairayi, GL-5 zalla ya ishe shi. Irin mai faifan kuloci a ciki kuwa sai mai alamar LS, in ba haka ba zai riƙa kakarewa a kwana. Littafin motar ne alƙali.

*Lura:* Mai da ya yi fari kamar madara ruwa ne ya shige shi, a sauya nan take.

*Misali:* "Maigida, a duba man giya kafin mu ɗauko shinkafa daga gonakin Bakolori." "Tun da muka ratsa ruwa tsakanin Bakura da Maradun, man giyan ya ɓaci."

*Duba kuma:* aksul, baƙin mai, giris.