Ƙwayoyin sararin samaniya mafiya ƙarfi: daga ina suke fitowa?

Ƙwayoyin sararin samaniya ɓurɓushin zarra ne da ke afka wa duniya dare da rana, da gudu kusan na haske. Victor Hess ne ya gano su a 1912. Mafiya ƙarfinsu kuwa ba safai suke zuwa ba: gona mai hekta 100 a Gozaki kan iya shekara ɗari ko ɗaya ba ta sauka a kanta ba.

Wadda aka gano a jihar Utah ta Amurka ranar 15 ga Oktoba, 1991, ƙarfinta ya kai na dutse mai kilo 5 da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya, alhali ido ba ya ganinta.

Ƙarancinsu ya sa cibiyar Pierre Auger ta Ajantina ta baza tankunan ruwa fiye da 1,600 masu gano su, a fili mai murabba'in kilomita 3,000. A 2017 masananta suka nuna cewa daga wajen rukunin taurarinmu suke tasowa. Sai dai maganaɗisun samaniya na karkatar da su a hanya, sawu ya ɓace. Amaterasu, wadda aka gano a 2021, ta ɓullo ne daga sashen da kusan babu komai.