Edward Murrow: Muryar da Ta Tunkari Sanata, Ta Kasa da Masu Talla

A daren 9 ga Maris 1954, wani mutum mai shekara 45 ya zauna gaban kyamara a gidan talabijin na CBS da ke birnin New York, ya shafe rabin sa'a yana warware zare da abawa a kan Joseph McCarthy, sanatan da 'yan siyasa da manyan jami'an gwamnatin Amurka ke shakkar ambaton sunansa. Kafin shekarar ta ƙare, Majalisar Dattawa ta yi Allah-wadai da sanatan. Bayan shekara huɗu kuma aka soke shirin da ya tunkare shi. Tarihin aikin Edward R. Murrow yana tsakanin waɗannan abubuwa biyu: yadda mai gabatar da labarai ke tara amanar jama'a har ta zama ƙarfi, da kuma yadda ƙarfin ke ƙarewa a ƙofar ofishin mai gidan.

An haife shi ranar 25 ga Afrilu 1908 a karkarar jihar Karolina ta Arewa, ya girma a jihar Washinton, inda ya yi aiki a sansanonin masu saran katako kafin ya kammala jami'a a 1930. Bai taɓa aikin jarida ba. Da ya shiga CBS a 1935, aikinsa shi ne nemo mutanen da za su yi jawabi a rediyo. Ko a 1937 da aka tura shi Landan, shirya laccoci da kiɗe-kiɗe aka aike shi, domin a wancan zamani gidajen rediyon Amurka sun ɗauki neman labari a matsayin aikin jaridu.

Hitler ne ya sauya masa sana'a. A watan Maris 1938, lokacin da sojojin Jamus suka shiga Ostiriya, Murrow yana Warsaw yana shirin watsa waƙoƙin yara 'yan makaranta. Abokin aikinsa William Shirer, wanda ke Biyana, ya ga abin da ya faru da idonsa, amma 'yan Nazi sun riga sun karɓe gidan rediyon birnin. Sai Shirer ya tashi zuwa Landan don ya ba da labarin ba tare da an tace ba, shi kuwa Murrow ya yi shatar jirgi ya sauka Biyana. Ranar 13 ga watan, CBS ta haɗa muryoyin wakilai daga Landan da Faris da Barlin da Biyana a shiri guda, kai tsaye. Wannan tsari, na mai gabatarwa a hedikwata yana kiran wakilai ɗaya bayan ɗaya daga birane daban-daban, shi ne har gobe ake bi a labaran duniya.

Sunansa ya fito ne a 1940, sa'ad da jiragen Jamus suka shiga yi wa Landan ruwan bama-bamai. Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, kuma da yawan mutanenta na ganin rigimar Turai ba tasu ba ce. Ka'idar gidajen rediyon Amurka a lokacin ta hana amfani da maganar da aka naɗa, saboda haka duk abin da mai sauraro ya ji, a daidai lokacin yake faruwa. Murrow ya gane cewa kunne ba ya riƙe alƙaluma kamar yadda yake riƙe ƙaramin abu da zai iya kwatantawa a zuci. A wani dare na watan Agusta, yana tsaye a dandalin Trafalgar, jiniya na kuka, sai ya sauke makirufo ƙasa don mutanen Amurka su ji takun sawun masu tafiya maɓoya, ba gudu ba ihu. A watan Satumba ya sami izinin yin magana daga kan rufin gini ana tsakiyar luguden wuta. Jimlolinsa gajeru ne, muryarsa a kwance, ba ya ƙara wa labari gishiri. Ya bi jirgin yaƙin Birtaniya zuwa kai hari Barlin a watan Disamba 1943. A watan Afrilu 1945 kuma ya shiga sansanin gwale-gwale na Buchenwald jim kaɗan bayan an 'yantar da shi, ya bayyana gawawwaki da ƙasusuwan rayayyu da ya gani, ya roƙi masu sauraro su gaskata shi, ya kuma shaida musu cewa abin da ya faɗa wani ɓangare ne kawai.

Da wannan jari ya koma gida: miliyoyin mutane sun saba da cewa abin da ya ce ya gani, to ya gani. Talabijin bai kwanta masa a rai ba da farko, yana ganin hoto zai iya rinjayar tunani. Duk da haka, shi da furodusa Fred Friendly suka mayar da shirinsu na rediyo zuwa talabijin ranar 18 ga Nuwamba 1951, da sunan See It Now. Kamfanin alminiyam na Alcoa ne ya ɗauki nauyinsa. A tsarin wancan lokaci kamfani ɗaya kan sayi shiri sukutum, kuma ranar da ya janye, shirin ya zama maraya.

Ƙasar da ya tarar tana cikin firgicin kwaminisanci. Tun Fabrairu 1950 McCarthy ke iƙirarin yana riƙe da sunayen 'yan kwaminis da suka kutsa Ma'aikatar Harkokin Waje. Zargi kaɗai ya isa ya raba mutum da aikinsa. Murrow bai tunkari sanatan kai tsaye da farko ba. A watan Oktoba 1953 ya ɗauko labarin wani ƙaramin hafsan sojan sama na ko-ta-kwana, Milo Radulovich, wanda za a sallama saboda ana zargin mahaifinsa da 'yar'uwarsa, shi kansa kuwa ba a tuhume shi da komai ba, hujjar ma tana cikin ambulan da aka liƙe ba a buɗe ba. CBS ta ƙi tallata shirin, sai Murrow da Friendly suka biya kuɗin talla a jaridar New York Times daga aljihunsu. Bayan 'yan makonni rundunar ta janye hukuncin.

Shirin 9 ga Maris ya bi dabara mai sauƙi. An tattaro hotunan jawaban McCarthy da na yadda yake titsiye shaidu, aka jera su, aka bar bakinsa ya yanka wuyansa. A ƙarshe Murrow ya dubi kyamara ya ce saɓanin ra'ayi daban, cin amanar ƙasa daban, zargi kuma ba hujja ba ne. Ya ƙara da cewa sanatan bai ƙirƙiri tsoron ba, cin moriyarsa kawai ya yi, don haka laifin ya koma kan waɗanda suka yi shiru. An ba McCarthy fili ya mayar da martani ranar 6 ga Afrilu, ya ɓige da jifan Murrow da irin zargin da ya saba, abin da ya ƙara zubar masa da ƙima.

Adalci ya sa a faɗi cewa Murrow ba shi kaɗai ya kayar da sanatan ba, kuma ba shi ne na farko ba. 'Yan jarida irin su Drew Pearson da mai zanen barkwanci Herblock sun daɗe suna fafatawa da shi, har wasu na ganin Murrow ya makara. Zaman binciken rikicin McCarthy da rundunar soja, wanda aka nuna a talabijin daga Afrilu zuwa Yuni, ya fi yi masa illa, kafin Majalisar Dattawa ta tsine wa halayensa ranar 2 ga Disamba da ƙuri'a 67 da 22. Abin da Murrow ya kawo shi ne muryar da mutane suka riga suka yarda da ita tun daga rufin gine-ginen Landan, ya kuma yi kasadar sa ta a faifai.

Sakayyar ba ta yi daɗi ba. A 1955 Alcoa ta janye. A shekarar ce CBS ta fara wani shirin kacici-kacici mai kyautar dala 64,000, wanda ya tara 'yan kallo fiye da kowane shiri, ya nuna wa kamfanin irin kuɗin da ke cikin sa'o'in dare. Aka cire See It Now daga jadawalin mako-mako, ya koma na jefi-jefi. Shugaban kamfanin, William Paley, amininsa tun zamanin yaƙi, ya gaya masa ya gaji da ciwon cikin da ke kama shi duk lokacin da shirin ya taɓo batu mai zafi. A 1958 aka rufe shi. Abin ban takaici, shirinsa na hira da taurari a gidajensu, Person to Person, shi ne ya ci gaba, domin shi ke kawo riba. A watan Oktoba na shekarar, a gaban taron shugabannin sassan labarai a Cikago, ya gargaɗe su cewa talabijin na iya ilimantarwa, amma sai in masu shi sun so. In ba haka ba, akwati ne kawai na wayoyi da fitilu. Jawabin ya ƙara ɓata tsakaninsa da Paley.

Babban aikinsa na ƙarshe shi ne Harvest of Shame, a kan talaucin 'yan ƙwadagon gona masu bin kaka daga jiha zuwa jiha, wanda aka nuna a Nuwamba 1960, washegarin bikin godiya da Amurkawa ke cika teburi da abinci. A 1961 ya karɓi tayin Shugaba Kennedy na jagorantar hukumar yaɗa labaran Amurka a ƙetare, wadda Muryar Amurka ke ƙarƙashinta. Bai daɗe a kujerar ba ya nemi BBC da kada ta nuna wannan fim nasa, don kada a ɓata sunan ƙasar. BBC ta ƙi, maganar ta fasu, shi kuma ya amsa cewa ya yi wauta. Mutumin da ya shekara ashirin yana faɗa da masu tace labari ya nemi tace nasa da ya sauya kujera.

Taba ce ta ci shi. Ba a cika ganinsa a allo ba sai da kara a hannu, alhali shirinsa na cikin na farko da suka tattauna alaƙar sigari da sankarar huhu a talabijin. An cire masa huhu ɗaya a 1963, ya ajiye aiki a farkon 1964, ya rasu ranar 27 ga Afrilu 1965, kwana biyu bayan ya cika shekara 57.

Duk mai aikin gabatar da labarai, a kowace ƙasa, yana zaune ne a irin kujerar Murrow. Muryar tasa ce, amanar masu sauraro ma shi ya tara ta, amma lokacin da yake magana a cikinsa na wani ne, ko gwamnati, ko ɗan kasuwa, ko mai talla. Murrow ya yi shekara goma sha shida yana tara wannan amana kafin daren 9 ga Maris, kuma ya san abin da zai iya biyo baya sa'ad da aka kunna kyamara.