'Yan Mazan Jiya: Tushen Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji da Yadda Ta Iso Dutse

A Amurka da Ingila, jirgin ruwan yaƙi yakan tsufa a sayar da ƙarafansa, amma mutanen da suka yi aiki a cikinsa ba su watsewa. Jiragen da dama suna da ƙungiyar tsofaffin ma'aikatansu, masu haɗuwa shekara-shekara a wani gari, su ci abinci tare, a karanto sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mutumin Kiyawa ko Jahun da ya yi shekara talatin da biyar a rundunar sojan ruwa ta Najeriya ba shi da wannan gata. Ranar da aka sallame shi ya dawo gida, abokan aikinsa sun bazu, wani a Kalaba, wani a Warri, wani a Legas, shi kuwa ga shi tsakanin duwatsu da itatuwan dabino, teku na can nisan kusan kilomita dubu. Ƙofa ɗaya ce hukuma ta tanadar masa, ita ce Nigerian Legion, wadda a nan ake ce wa ƙungiyar tsofaffin sojoji ko 'yan mazan jiya. A cikinta sojan ƙasa da na ruwa da na sama duk ɗaya ne.

Abin mamaki, tarihin ƙungiyar nan ma a cikin jirgin ruwa ya faro.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Hitila, Turawan mulkin mallaka sun buƙaci mutane, suka juya ga sarakuna. Dutse a wancan zamani gunduma ce a ƙarƙashin Masarautar Kano, Sarki Abdullahi Bayero na kan gado. Umarni kan sauko daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, a kawo samari majiya ƙarfi. Wasu sun tafi da son ransu saboda albashi da kaki, wasu kuwa tura su aka yi. Aka horar da su a Zariya da Kaduna, jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Ikko. Rundunar ita ce ta sojojin Afirka ta Yamma, RWAFF, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki a ɓangaren Najeriya, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta.

Kashin farko sun yi yaƙi a gabashin Afirka, inda birged ɗin Najeriya ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Babbar tafiyar ita ce ta Burma. A 1943 aka ɗora Runduna ta 81 a jiragen ruwa zuwa Indiya, Runduna ta 82 ta biyo baya a 1944. A duba lamarin da idon manomin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Haɗeja ba: makonni yana kwance a cikin cikin jirgi, ga zafi, ga amai, ba ƙasa ba bishiya, sai ruwa iyakar gani, yana tambayar na kusa da shi ina alƙibla. A irin wannan wuri ne mutumin Birnin Kudu ya san mutumin Tibi da na Barno da na Gwalkwas (Ghana ta yau), sanin da ba a mantawa. Suka sauka Bombay, suka wuce dazukan Kaladan da Arakan, suka gwabza da sojojin Japan, wasu bataliyoyin Najeriya kuma suka shiga rundunar Chindit ta Janar Orde Wingate mai kutsawa bayan abokan gaba. A Janairun 1945 suka ƙwace Myohaung. Wanda ke son shaida ya dubi sunayen barikokinmu: Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Duk daga can aka zo da su.

Zuwa 1946 an dawo da yawancinsu. Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar Maraba da Soja, gari ya yi murna. Murnar ba ta daɗe ba. Kuɗin sallamar baƙar fata bai kai na Bature mai muƙami irin nasa ba, aikin da aka yi musu alkawari kuma bai wadata ba. An yi doka a 1945 da ta nemi ma'aikatu su riƙa ɗaukar tsofaffin sojoji, wasu suka zama 'yan doka, wasu masinjoji, direbobi, masu gadi, amma da yawa gona suka koma. Gwamnati ta san haɗarin mutum dubu-dubai da suka iya bindiga, suka ga Bature na gudu yana kuka a fagen fama kamar kowa, yanzu kuma suna zaune ba aiki. Saboda haka a 1946 ta kafa ƙungiyar jin daɗin tsofaffin sojoji mai suna NEWA, bisa tsarin British Legion da aka kafa a Ingila a 1921 bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tsoron nata ba na banza ba ne. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin Gwalkwas suka yi tattaki a Ankara, babban birnin ƙasarsu, don kai kuka ga Gwamna, aka buɗe musu wuta, aka kashe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta samun 'yancin Ghana.

Nan ne asalin halin da ƙungiyar take ciki har yau. Ba sojojin ne suka zauna a gindin bishiya suka ce mu haɗa kai ba. Daga sama aka kafa ta, rabi don a taimake su, rabi don a sa musu ido. Bayan 'yancin kai, a 1964, majalisa ta yi dokar da ta maye gurbin NEWA da Nigerian Legion, aka sake fasalin dokar a 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida. Yau tana ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Tsaro, kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabanta. A Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Grace Morenike Henry, mace ta farko da ta riƙe wannan kujera.

Abin da ya cika ƙungiyar da mutane shi ne Yaƙin Basasa. Sojan Najeriya bai wuce kimanin 10,000 ba kafin 1967. Lokacin da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 ya kai wajen 250,000. Har tsofaffin 'yan Burma aka sake kira suka sa kaki. Ƙasar Kano, wadda Jigawa ta yau ke cikinta, ta ba da nata kaso mai yawa. Da aka zo rage yawan sojoji a shekarun 1970, sai ƙauyuka suka sake cika da mazaje masu tabon harsashi, da zawarawan da mazansu ba su dawo ba. Daga baya aka ɗauke ranar tunawa daga 11 ga Nuwamba, wadda aka gada daga Ingila, aka mai da ita 15 ga Janairu, ranar da Biyafara ta miƙa wuya. Sai kuma 'yan Laberiya da Saliyo, sai na Darfur, sai na Barno da Yobe a yanzu. Kowane yaƙi da irin tsofaffin da yake haifarwa.

Sojan ruwa fa? Shi ƙaramin ƙane ne a wannan gida. An kafa rundunar ranar 1 ga Yuni 1956 daga tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwa ta gwamnati, kuma sai 1964 ɗan ƙasa, J. E. A. Wey, ya karɓi ragamarta. Ita ta sauke sojoji a Bonny a Yulin 1967, ita ta kai dakarun ECOMOG Monrovia a Agustan 1990. An daɗe a Arewa ana ganin aikin na mutanen bakin teku ne, amma Murtala Nyako ya shugabance ta daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo ɗan Kano ya riƙe ta daga 2021 zuwa 2023, kuma yau akwai kwalejinta a Dawakin Tofa da sansaninta a Baga. Ga wani abu da 'yan Jigawa kaɗan suka sani: a cikin jiragen sintiri da aka ƙera wa Najeriya a Ingila a shekarun 1970 akwai mai suna NNS Hadejia. Wasu jiragen kuma sunayensu Hausa ne tsantsa, Damisa, Dorina, Kyanwa, Kada, Ruwan Yaro. Kowannensu ya ɗauki mutane da suka kwana suka tashi tare shekaru, kuma duk wanda ya yi aikin jirgi zai gaya maka zaman ya bambanta da na bariki. A bariki kana tashi aiki ka tafi gidanka. A jirgi gadonka na saman na wani, tukunya ɗaya, haɗari ɗaya. In mai kula da inji ya yi sakaci, kyaftin da kuku tare za su nutse.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni, Kanar Olayinka Sule ya zo a matsayin kantoman farko. Tsarin ƙungiyar yana bin taswirar mulki ne, daga ƙasa zuwa jiha zuwa ƙaramar hukuma, don haka sabuwar jiha ta zo da nata reshe. Ga tsohon soja na Gwaram ko Buji ko Miga wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin abin da a da sai ya je Kano, yanzu ya matso kusa. Jihar tana da ƙananan hukumomi 27, kuma yawancin 'yan ƙungiyar ba a Dutse suke ba, suna ƙauyuka, suna noman gero da riɗi.

In kana son ganinsu, ka fito ranar 15 ga Janairu. Kafin ranar an ƙaddamar da tambarin tunawa da ake sayarwa don tara gudummawa, an yi addu'a a masallacin Juma'a da coci. Ranar kuma gwamna ya ajiye furanni, kwamandoji su ajiye, shugaban ƙungiya ya ajiye, wata daga cikin zawarawa ta ajiye a madadin sauran, a yi harbin girmamawa, a saki tattabaru. Amma ka bar kallon rumfar manya, ka dubi layin tsofaffin. Ga dattijo, kakinsa ya yi masa yawa don jiki ya zube, amma an goge shi da sitati har yana tsayawa da kansa. Lambobin yabo sun dushe a ƙirjinsa. A aljihu akwai littafin sallama naɗe cikin leda, domin shi ne shaidar da ba a wasa da ita. Gwiwa na ciwo, ido ya yi rauni, amma samanja na daka tsawa sai ka ga baya ya miƙe, ƙafa ta doki ƙasa. Bayan fareti su koma gefe, a shiga tambaya: ina wane? Ya rasu da azumi. Wane fa? Yana kwance, ƙafa ta ƙi. Kowa da lambar aikinsa a ka, ko da ya manta shekarunsa.

Wannan tambayar ta "ina wane" ita ce ainihin aikin ƙungiyar, ba faretin ba. Ita ke kai labarin rasuwa, a haɗa kuɗin mota a je ta'aziyya. Ita ke nuna wa matar mamaci takardun da Hukumar Fanshon Sojoji ke nema, da yadda za ta bi ta karɓi haƙƙin mijinta. In lokacin tantancewa ya zo, ita ke sanar da wanda ba ya riƙe waya. Tana da sashen masu gadi, waɗanda ake gani da kaki a ƙofar ma'aikatu da makarantu, hanyar samun na cefane ga wanda bai gaza ba. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, kuma waɗannan mutane sun riƙe maganar fiye da yawancinmu. 'Yan baya da suka yi ritaya kwanan nan sun ƙara da WhatsApp: 'yan kwas ɗaya da zaurensu, 'yan jirgi ɗaya da nasu. Ta nan ne tsohon sojan ruwa da ke Dutse yake jin an yi wa abokinsa na Fatakwal jika, ya aika da gudummawa ta banki. Abin da dokar 1964 ba ta tanada ba, waya ta tanada.

Sai dai a faɗi gaskiya, ƙungiyar da gwamnati ta haifa, take naɗa mata shugaba, da wuya ta ɗaga wa gwamnati murya. Shi ya sa da bashin fansho da alawus ya taru, tsofaffin sojojin da suka yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja a 2022, suka sake komawa a ƙarshen 2024, a ƙarƙashin wasu ƙungiyoyi da suka kafa da kansu suka fito. Mutumin da ya kwana a rami don ƙasa bai kamata ya kwana a kan tabarma a bakin ofis don haƙƙinsa ba. Jigawa ma ta ɗanɗana kusanci da Ma'aikatar Tsaro, tunda tsohon gwamnanta Muhammad Badaru Abubakar ya zama Ministan Tsaro a Agustan 2023, amma matsalar ta girmi minista ɗaya, tun 1946 ake jan ta.

Akwai kuma asarar da ba a lissafawa. 'Yan Burma kusan duk sun tafi, da labarinsu a bakinsu. Wanda ya shiga Yaƙin Basasa yana ɗan shekara ashirin, yau ya doshi tamanin. Ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga gidajen rediyo. Ɗalibi ɗaya da waya mai ɗaukar murya zai iya zama da dattijo ɗaya ya kwashe abin da babu shi a kowane littafi: yadda aka ɗauke shi, wa ya horar da shi, a wane jirgi ya hau, wa ya mutu a gefensa. Ya kamata gwamnatin jiha ta taimaka wa reshen ƙungiyar da cikakkiyar rajistar tsofaffin sojoji da zawarawansu a ƙananan hukumomi 27, a san mai rai da marar lafiya tun kafin Janairu ta zagayo. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon soja a unguwarku, ka je ka gaishe shi a wannan mako, ka tambaye shi inda ya yi aiki.