Ladan Almajiran Bagadaza

Babban mutum ba a jawo shi ga karatu da alewa kamar yaro. Abin da ya kan raba shi da littafi shi ne neman abin sakawa a baka. Halifa Mustansir na Bagadaza ya gane wannan.

A shekarar 1227 ya sa aka fara gina wata babbar makaranta a bakin kogin Dijla, ana kiranta Mustansiriyya. Ba ta 'yan koyon baƙi ba ce, ta manyan almajirai ce masu neman zurfi cikin fiƙihu. Aka raba ta huɗu bisa ga mazhabobi, watau Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, ko wace da almajirai 62.

Wanda duk aka ɗauka yana da wurin kwana, da gurasa da dafaffen abinci kullum, da takarda da tawada, sa'an nan ga kuɗi ko wane wata. In ya yi ciwo, ga likita. Dukan wannan daga waƙafi ya ke fitowa, ba daga aljihun malamai ba. Da ya ke wuraren 248 ne kaɗai, samun shiga ma girma ne ga mutum.

A 1258 Mangolawa suka ci Bagadaza, makarantar ta sha ɓarna, amma gininta yana nan tsaye har yau.